Yadda Ake Auna Alƙaluman Ɗan Wasa Da Nasarar Ƙungiya A Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin ƙwallon kwando na wata makaranta a Sakkwato bayan la'asar, lokacin da rana ta sassauta har simintin fili ya daina ƙuna, ya san tambayar da ake fara yi da zarar an busa usur na ƙarshe: wa ya fi cin maki? Yaron da ya fi kowa zura ƙwallo shi ake yi wa kirari, ko da kuwa ƙungiyarsa ce ta sha kashi, laifin faɗuwar kuma a ɗora wa sauran huɗun. Na daɗe ina riƙe wa wata ƙungiyar ɗalibai littafin lissafin wasa, kuma littafin ya sha nuna mini cewa wanda ake yi wa kirarin yana da hannu dumu-dumu a faɗuwar. Abin yana damuna, domin yaran da ke aikin da ake cin wasa da shi sukan karaya su daina zuwa atisaye, saboda ba wanda ya ƙirga musu abin da suka yi.

Tushen al'amarin shi ne ƙwallo ɗaya ce a fili, kuma damar da kowace ƙungiya take samu ta kai hari ƙidayayya ce. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke bi a nan, wasa minti 40 ne, zango huɗu mai minti goma-goma, kuma ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo daƙiƙa 24 take da ita ta yi jifa. Kun kai hari, su kai hari; a ƙarshen wasa adadin hare-haren ɓangarorin biyu kusan daidai yake fitowa. Saboda haka hari shi ne jarin ƙungiya, maki kuma shi ne ciniki. Kowane ɗan kasuwa a kasuwar Kara ya san yawan ciniki ba ya nuna riba sai an duba jarin da aka zuba. Matakan da ke tafe duk hanyoyi ne na gano jarin da kowane ɗan wasa ya kashe da abin da ya dawo da shi.

Mataki na farko: abin da za ka rubuta

Ka tanadi littafin rubutu mai layi da biro biyu, ka ware shafi ɗaya ga kowane wasa, sunayen 'yan wasa a jere a gefen hagu. A saman shafin ka ja gidaje kamar haka: jifan maki biyu, jifan maki uku, jifan kyauta da ake bayarwa bayan an yi wa mutum keta, ribawun na hari, ribawun na tsaro, fasin da ya haifar da maki, ƙwace, tare jifa, zubar da ƙwallo, keta, da mintocin da mutum ya yi a fili. Ribawun shi ne cafke ƙwallon da ta bugi ƙarfe ko allo ta dawo. Idan a kwandon da kuke jifa aka cafke, na hari ne, idan a kwandon da kuke karewa ne, na tsaro. Zubar da ƙwallo kuwa ya haɗa duk hanyar da ƙwallo ta bar hannunku ba tare da kun yi jifa ba: fasin da aka tare, tafiya da ƙwallo, fita layi, ko cinye daƙiƙa 24.

A gidajen jifa, duk jifan da aka yi ka zana ɗan da'ira, idan ya shiga ka cike shi da tawada. Wannan ita ce ƙa'idar da aka fi sakaci da ita, domin hannun marubuci yakan motsa ne idan 'yan kallo sun yi ihu, ihu kuwa jifan da ya shiga ake yi wa. Littafin da ba a rubuta jifan da ya kuskure ba daidai yake da littafin shago da aka rubuta abin da aka sayar aka manta da kuɗin sari. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya; ka samu wani ya tsaya kusa da kai yana faɗin lamba da abin da ya faru, kai kana rubutawa ba ka ɗaga kai. Ka kuma rubuta jimillar abokan hamayya, ko da ba ka rarraba ta ga 'yan wasansu ba, za a buƙace ta a gaba.

Mataki na biyu: ƙirga hare-haren ƙungiya

Hari yana ƙarewa ta hanya uku: a yi jifa, a zubar da ƙwallo, ko a je layin jifan kyauta. Lissafin da masana suke amfani da shi shi ne: ka ɗauki yawan jifa gaba ɗaya, ka cire ribawun na hari, ka ƙara zubar da ƙwallo, sannan ka ƙara jifan kyauta bayan ka ninka shi da 0.44. Ana cire ribawun na hari ne saboda ya mayar muku da ƙwallo, harin bai ƙare ba. Ana ninka jifan kyauta da 0.44 saboda yawanci bibbiyu ake yin sa a hari ɗaya, wani lokacin kuma guda ɗaya ne ƙari a kan jifan da ya riga ya shiga.

Mu ƙaddara ƙungiyarku ta yi jifa 66, ta samu ribawun na hari 12, ta zubar da ƙwallo sau 16, ta yi jifan kyauta 18. Lissafin zai ba ka hari kusan 78. Idan maki 70 kuka ci, to kowane hari ya kawo muku maki 0.90. Ka riƙe wannan adadi, shi ne mudun da za ka auna kowane ɗan wasa da shi.

Mataki na uku: nawa kowa ya kashe, nawa ya dawo da shi

A nan ne aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci. Ga kowane ɗan wasa ka haɗa jifansa da zubar da ƙwallonsa da jifan kyautarsa sau 0.44, wannan shi ne hare-haren da suka ƙare a hannunsa. Sai ka raba makinsa da wannan adadi.

A ce ɗan wasa na farko ya ci maki 24. Ya yi jifa 26, tara suka shiga, biyu daga ciki na maki uku ne. Ya ci jifan kyauta huɗu cikin shida. Ya zubar da ƙwallo sau biyar. Hare-haren da ya kashe sun kai kusan 34, ke nan kowane ɗaya ya kawo maki 0.71. Na biyu ya ci maki 14 kacal, da jifa tara wanda shida suka shiga, ɗaya na maki uku, da jifan kyauta ɗaya cikin biyu, ya zubar sau ɗaya. Shi hari kusan 11 ya kashe, kowanne ya kawo maki 1.29. Idan ka ɗora su a kan mudun ƙungiya na 0.90, za ka ga mai maki 24 ya janyo ƙungiyar ƙasa, ya kuma yi haka da kaso mai tsoka na jarinta, mai maki 14 kuwa ya ɗaga ta.

Na taɓa zama da wani yaro a kan benci bayan irin wannan wasa, ƙurar hunturu ta yi masa furfura a gira, yana shan ruwan leda. Ya ce da ni, "Malam, ni fa na yi nawa, su ne ba su taimake ni ba." Ban yi masa musu ba. Na buɗe shafin na miƙa masa, na ce ya ƙirga mini da'irorin da ba a cike ba a gaban sunansa. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko duka nasa ne. Daga ranar ya fara ɗaga kai ya dubi wanda ke sake kafin ya saki ƙwallo.

Tarihin wasan ya ba da misali babba a kan wannan. A kakar 1962 zuwa 1963 a gasar NBA ta Amurka, Wilt Chamberlain yana cin maki 44.8 a kowane wasa, amma ƙungiyarsa ta Warriors wasa 31 ta ci, ta faɗi 49. A kakar 1966 zuwa 1967, yana ƙungiyar 76ers ta Filadelfiya ƙarƙashin koci Alex Hannum, makinsa ya sauko zuwa 24.1, sai dai kashi 68 cikin ɗari na jifansa yana shiga, yana kuma ba da fas mai haifar da maki kusan takwas a wasa. Ƙungiyar ta ci wasa 68, ta faɗi 13, ta ɗauki kofi. Gaskiya ne abokan wasansa na biyun, irin su Hal Greer da Chet Walker da Billy Cunningham, sun fi na farkon ƙarfi, kuma wannan ma darasi ne: ya rage jifa ne lokacin da ya samu waɗanda za a ba ƙwallo su yi abin kirki da ita. A watan Maris na 2017 ma, Devin Booker ya ci maki 70 shi kaɗai, aka kuma doke ƙungiyarsa ta Suns da ci 130 da 120 a Bostan.

Dole a yi adalci a nan. Ba a ce ɗan wasa na biyu a misalinmu zai riƙe 1.29 idan aka ba shi jifa 26 ba. Watakila jifansa tara duk masu sauƙi ne a gindin kwando, sun samu ne saboda masu tsaro biyu sun bi na farkon. Kuma idan daƙiƙa 24 ta kusa cika, dole wani ya ɗauki jifan da ba wanda yake so, kuma galibi gwanin ƙungiya ake jefa wa. Don haka idan ka ga mai yawan jifa ya ɗan gaza mudun ƙungiya kaɗan, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Idan tazarar ta yi nisa kamar 0.71 da 0.90, kuma ta maimaitu wasa bayan wasa, to maganin shi ne a rage masa jifa biyar ko shida mafi muni a raba wa wasu, a duba ko mudun ƙungiyar zai tashi.

Game da jifan maki uku, ka tuna cewa huɗu cikin goma sha biyu daga bayan layin maki uku daidai yake da shida cikin goma sha biyu daga ciki, duka maki 12 ne. Shi ya sa idan za ka fitar da kason jifan da ya shiga, sai ka ƙirga kowane jifan maki uku a matsayin ɗaya da rabi. Da wannan makami 'yan wasan Najeriya suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Begas a watan Yulin 2021, inda suka zura jifan maki uku har 20. A filayenmu na waje kuwa, inda iskar hunturu ke karkatar da ƙwallo, littafinka ne zai gaya maka wanda ya cancanci a bar shi ya yi jifa daga nesa. Wanda bai kai ɗaya cikin huɗu ba bayan wasanni da dama ya matso ciki.

Mataki na huɗu: waɗanda ke ƙara jari

Akwai 'yan wasan da ba su cika cin maki ba amma suna samar wa ƙungiya ƙarin dama, ko su rage wa abokan hamayya tasu. Kowane ribawun na hari ƙarin jifa ne, kowace ƙwace hari ce da aka kashe wa wancan ɓangare aka ba ku. Wani masanin lissafin wasa ɗan Amurka, Dean Oliver, ya bayyana a 2004 cewa abubuwa huɗu ne ke yanke hukuncin wasa, ya kuma kimanta nauyinsu: ingancin jifa kashi 40 cikin ɗari, zubar da ƙwallo kashi 25, ribawun kashi 20, jifan kyauta kashi 15. Ka jera waɗannan huɗu na ƙungiyarku kusa da na abokan hamayya bayan kowane wasa, ka ga a ina aka fi ku, sannan ka koma shafin 'yan wasa ka nemo hannun da abin ya fito.

A ganina, a matakin makarantu da ƙungiyoyin unguwa zubar da ƙwallo ya fi ƙarfin kason da aka ba shi, domin ƙwallon da aka ƙwace a tsakiyar fili kusan maki biyu ne a hannu ga wanda ya ƙwace. Ko a babban mataki ma yana kayar da manya. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, 'yan matan Najeriya ƙarƙashin koci Rena Wakama sun doke Ostireliya da ci 75 da 62 bayan sun tilasta musu zubar da ƙwallo sau 26, daga baya suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza da mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar.

Shi ma ribawun kada ka ƙirga shi tsurarsa. Wasan da aka yi ta kuskure jifa yana cike da ribawun, goma a cikinsa ba abin mamaki ba ne. Ka raba ribawun ɗin mutum da yawan jifan da aka kuskure yayin da yake fili, na ɓangarorin biyu, ka ga kashi nawa ya kwashe. Ka kuma fifita na hari a kan na tsaro, musamman na tsaron da ba wanda ya yi takara a kansa. Dennis Rodman ya jagoranci NBA a ribawun kaka bakwai a jere, ya ɗauki kofi biyar, alhali matsakaicin makinsa bai kai takwas a wasa ba.

Mataki na biyar: riba da faɗuwa yayin da mutum yake fili

Tsaro shi ne abin da littafi ya fi kasa kamawa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya tare jifa 3,830 a rayuwarsa ta wasa, adadin da ba wanda ya kai a tarihin NBA da aka rubuta, ya kuma kai Houston Rockets ga kofi a 1994 da 1995. Amma jifan da aka fasa yi don tsoronsa, da wanda aka yi a gurguje ya kuskure, ba su da gida a kowane shafi. Haka nan yaron da ke manne wa gwanin abokan hamayya har ya hana shi karɓar ƙwallo zai iya gama wasa layinsa fayau ba ko ɗigo.

Hanyar kamo wannan ita ce duk lokacin da aka yi canji, ka rubuta yadda ci yake a gaban sunan mai shiga da mai fita. Idan mutum ya shiga kuna da 10 suna da 14, ya fita kuna da 22 suna da 19, to a zamansa kun ci 12 an ci ku 5, ribarsa bakwai ke nan. Ka haɗa dukkan shigarsa ka fitar da jimilla. Wannan awo yana da ruɗi a wasa ɗaya, domin wanda kullum yake shiga tare da gwanaye zai kwashi ribar da ba shi ya nema ba, wanda ke shiga da 'yan benci kuma ya ɗauki faɗuwar da ba tasa ba. Sai an tara wasanni goma ko fiye, an kuma duba da su wa yake shiga, kafin a gina magana a kai. Idan bayan haka yaro mai maki huɗu a wasa ya ci gaba da fitowa da riba, ka zuba masa ido na zango guda ba tare da kallon ƙwallo ba, za ka ga abin da yake yi.

Mataki na shida: raba wasannin gida biyu

A ƙarshen gasa ka ware wasannin da kuka ci gefe, waɗanda kuka faɗi gefe, ka fitar da matsakaicin kowane ɗan wasa a kowane gida. Gidan da ya fi sauyawa tsakanin nasara da faɗuwa shi ne abin lura. Za ka iya tarar da cewa makin gwaninku iri ɗaya ne ko an ci ko an faɗi, amma zubar da ƙwallon mai rarraba fas yana ninkawa a ranakun faɗuwa, ko kuwa duk ranar da dogonku ya yi keta uku kafin hutun rabin lokaci ya koma benci, ribawun ɗinku ya rushe. Tunda keta biyar ke fitar da mutum a dokar FIBA, wannan gida na keta yakan bayyana faɗuwar da aka ɗora wa wani dabam.

Sai dai tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. 'Yan benci sun fi cin maki a wasannin da aka ci da rata mai yawa, saboda sai an tabbatar da nasara ake sako su. Nasarar ce ta kawo makin nasu. A kakar 2016 zuwa 2017, Russell Westbrook ya kai goma ko fiye a maki da ribawun da fas a wasa 42, ƙungiyarsa ta Thunder ta ci 33 daga ciki, a sauran wasa 40 kuwa 14 kawai ta ci. Alaƙar a bayyane take, amma wani ɓangare nata ya zo ne daga abokan wasansa, domin ba a rubuta wa mutum fas mai haifar da maki sai wanda aka ba ya zura. Ranar da hannunsu ya yi kyau, alƙalumansa su cika, ƙungiya kuma ta ci. Saboda haka duk alaƙar da ka gani, ka tambayi kanka wanne ya riga wanne a cikin wasan, ka koma shafin ka duba a wane zango abin ya faru, ana kunnen doki ne ko an riga an yi nisa.

Ka kuma daidaita mintoci kafin ka kwatanta mutum biyu. Mai ribawun biyar a minti 12 ya fi mai takwas a minti 34. Ka raba da mintocinsa ka ninka da 40 domin su tsaya a ma'auni ɗaya, amma ka bar waɗanda ba su kai minti goma a wasa ba a waje, alƙalumansu sun yi kaɗan a dogara da su. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, yana da kyau ka raba shafin zuwa zango-zango, domin za ka ga waɗanda jifansu ke lalacewa a zango na huɗu, kuma wannan magana ce ta hutu da ruwa da yawan canji, wadda koci zai iya gyarawa tun daga wasa na gaba.

Idan ka zo kai wa koci sakamakon, kada ka zube masa shafuka. Ka zaɓi abu ɗaya ga kowane ɗan wasa, wanda zai iya aiki a kansa a atisayen mako: wannan ya rage zubar da ƙwallo daga biyar zuwa uku, wancan ya daina jifa daga kusurwar hagu, wancan kuma a ƙara masa minti shida. Abin da ya shafi gazawar yaro a gaya masa shi kaɗai, da shafinsa a buɗe a gabansa. Abin yabo kuwa, musamman na masu ribawun da ƙwace da tsaro, a karanta shi a gaban kowa kafin a fara atisaye.